FILIN WASAN UNGUWA: INA KUƊIN GWAMNATI KE SHIGA, WA KE CIN MORIYARSU?

Duk wanda ya bi ta Nima ko Mamobi a Ankara, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, bayan sallar la'asar, zai tarar yara sun ajiye duwatsu biyu a nan, biyu a can, sun mai da lungu filin ƙwallo. In mota ta taho su dakata, in ta wuce su ci gaba, in ƙwallo ta faɗa kwata ƙaramin cikinsu ya shiga ya tsamo ta. Haka iyayensu suka yi. Bambancin kawai shi ne a zamanin iyayen akwai sararin da ake gudu a ciki a bayan gari, yau kuwa gidaje da shaguna da garejin makanikai sun cinye shi.

Tun daga shekarar 2017 gwamnati ta zuba kuɗi masu yawa a kan wuraren wasa na unguwanni, kuma zangunanmu na cikin waɗanda aka ambata da suna cewa don su ake yi. To, yanzu shekaru sun tafi, ya kamata mu zauna mu yi lissafi: ta wace hanya kuɗin suka biyo, me aka gina da su, kuma ɗan talakan da ke buga ƙwallo a bakin kwata ya samu shiga ko bai samu ba?

DAGA SAKORA AKA FARO

Mai karatu ya tuna cewa sunan da ke jikin babban filin wasa na Kumasi sunan ɗan zango ne. Baba Yara, wanda ainihin sunansa Usman Saidu, ya yi wa Asante Kotoko wasa kafin a ɗauke shi zuwa Real Republicans, ƙungiyar da Ohene Djan ya haɗa a zamanin Kwame Nkrumah. Hatsarin mota da ya rutsa da shi a Kpeve a 1963 ya raba shi da ƙwallo, ya rasu a 1969, amma har gobe ana kiransa sarkin 'yan gefe. A 1978, shekarar da Gana ta ɗauki kofin Afirka karo na uku, Muhammad Polo na Nima da Abdul Razak na Kumasi suna cikin waɗanda suka ɗauko shi, kuma a wannan shekara aka zaɓi Abdul Razak gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya koyi ƙwallo a kan ciyawa. A filin sakora suka koya, wato filin jar ƙasa da tsakuwa wanda in ka faɗi sai ka bar fatar gwiwarka a wurin, a ƙarƙashin ƙungiyoyin yara da muke kira kolts. Mai ƙungiyar kolts yawanci tela ne ko direba ko malamin makaranta, shi ke sayen ƙwallo da riguna daga aljihunsa, shi ke sayen ruwa da burodi ranar wasa. Daga wannan tsari ne ƙasar ta samu yaran da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 1991 da 1995.

Ko na baya-bayan nan ma haka ne. Muhammad Kudus, haifaffen Nima a 2000, a ƙungiyar yara ta Strong Tower ya fara kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Daga can ya wuce Denmak, ya koma Ajax ta Holan a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2022, ya tafi West Ham a 2023, sannan Tottenham a 2025. Da a ce babu fili a kusa da gidansu, da babu mai ganinsa balle ya ɗauke shi. Ga kowane Kudus ɗaya kuma akwai yara dubbai da ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba, amma filin ya ba su lafiyar jiki, ya koya musu bin doka da haƙuri da rashin nasara, ya kuma tsare musu sa'o'in yamma waɗanda in ba haka ba a majalisar masu shan tiramol za su ƙare.

HANYOYIN DA KUƊIN KE BI

Mutane da yawa na zaton duk filin da aka gina, ma'aikatar wasanni ce ta gina shi. Ba haka abin yake ba, kuma sanin wannan yana da muhimmanci, domin ranar da fili ya lalace sai ka san ƙofar da za ka buga.

Hanya ta farko ita ce Asusun Raya Zango. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikata ta musamman don zanguna da tsofaffin unguwannin cikin birni, Alhaji Boniface Abubakar Saddique ya fara riƙe ta, Dakta Mustapha Abdul-Hamid ya gaje shi a 2018. A cikin 2017 ɗin majalisar dokoki ta zartar da dokar asusun, doka mai lamba 964. Ta wannan ɓangare aka shimfiɗa filayen ciyawar roba a wurare irin su Madina da Kyebi da Walewale. A 2021 an rushe ma'aikatar, asusun ya ci gaba ba tare da minista nasa na kansa ba.

Hanya ta biyu ita ce hukumomin raya yankuna, wato na gaɓar teku da na tsakiyar ƙasa da na arewa, waɗanda aka ɗora wa alkawarin nan na dala miliyan ɗaya ga kowace mazaɓa. Ta uku kamfanonin gwamnati ne, musamman Ghana Gas da gidauniyar kamfanin mai na GNPC, waɗanda ke gina fili su miƙa a matsayin taimakon al'umma. Irin wannan taimako ba sabo ba ne, don hukumar fansho ta SSNIT ce ta gina zauren damben Bukom da aka buɗe a 2016. Ta huɗu kuwa ita ce asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Daga cikinsa 'yan majalisar dokoki ke samun nasu kason na ayyukan mazaɓa, daga cikinsa kuma hukumar matasa ta ƙasa ke samun nata.

Kafin zaɓen 2024 jami'an gwamnatin wancan lokaci sun riƙa cewa filayen roba a ƙasar sun haura 150, alhali a 2016 ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Ko wanda ba ya ra'ayin jam'iyyarsu ba zai musa cewa an yi aiki ba. Sai dai yawan hannuwan da suka yi aikin ya haifar da wata matsala. Wannan ya gina, wancan ya yanke ƙyalle ya buɗe, a miƙa makulli ga majalisar gunduma ko ga ɗan majalisa ko ga wani kwamiti da aka haɗa a gurguje, kowa ya kama gabansa. Wanda ya gina yana ganin ya sauke nauyi, wanda aka miƙa wa kuwa babu ko sisi a kasafinsa da aka rubuta don gyara.

CIYAWAR ROBA DA ƊAWAINIYARTA

Dole a faɗi alherin wannan fili, wanda yara ke kira astrotaf. Ciyawar gaskiya tana son ruwa kullum, tana son yanka da taki da hutu, kuma in aka tattake ta safe da yamma cikin 'yan makonni za ta koma sakora. A Tamale ko Wa ko Bolgatanga, inda rani ke ɗaukar watanni ba ɗigon ruwa, riƙe ta sai mai ƙarfi. Ta roba kuwa ana iya wasa a kanta daga safe har dare, damina da rani. Inda aka sa fitilu, leburori da 'yan koyon sana'a da ba su tashi aiki sai magariba sun samu lokacinsu. Gasar da zanguna ke yi don kofin Ramadan mai ɗauke da sunan Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da sauran wasannin sallah, sun samu wuraren da suka fi na da tsabta da tsari.

Amma fa wanda ya sayi doki ya san sai ya tanadi harawa. Abin da ake gani kore a sama darduma ce ta zaren roba. A ƙarƙashinta akwai tsakuwa da aka daddaɓe da magudanan ruwa, a tsakanin zaren kuma ana zuba yashi da ɓarɓashin roba, wanda akasari daga tsofaffin tayoyi ake niƙa shi. Wannan ɓarɓashi shi ke tsai da zaren, shi ke tare gwiwar yaro in ya faɗi. Ƙafafu suna tura shi gefe, ruwan sama yana kwashe shi, saboda haka sai an riƙa share filin da burushi na musamman ana mai da shi wurinsa, ana kuma ƙara sabo. In ba a yi ba zaren zai kwanta, filin ya yi tauri kamar siminti, ɗinkin da ya haɗa dardumar ya buɗe ya riƙa kama ƙafar masu gudu. Ko da an kula da ita yadda ya kamata, darduma irin wannan shekara takwas zuwa goma take yi a sauya ta. Ke nan filayen da aka shimfiɗa a 2018 da 2019 sun kusa cika kwanakinsu. Ina kuɗin sauya su?

Akwai kuma zafi. Da tsakar rana roba tana ɗaukar zafi fiye da ciyawa nesa ba kusa ba, har ta kan ƙona tafin yaron da ba shi da takalmi, don haka malamin da zai kai ɗalibai can da ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris ya sake tunani. Bugu da ƙari, a 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 za a daina sayar da irin wannan ɓarɓashin roba a ƙasashenta, saboda yadda yake bin ruwa yana gurɓata koguna da teku. Mu da ruwan kwatocinmu ke gangarawa Odaw ya faɗa teku, bai kamata mu ce wannan maganar Turawa ce kawai ba.

Babban abin da ke damun iyaye shi ne makulli. Filin sakora ba shi da ƙofa, kowa ya zo ya buga. Da aka shimfiɗa roba aka zagaye da waya aka sa kwaɗo, sai aka ce a biya kuɗin awa don a samu na wuta da na mai gadi. Hujjar ba ta da laifi. Amma wa ke iya biya? Ma'aikatan ofis masu wasan motsa jini na Asabar, da masu biki da masu taron jana'iza da ke kafa rumfuna suna soka ƙarafa a cikin dardumar. Yaran da aka ce don su aka yi sai su koma leƙe ta jikin waya, su kuma rasa tsohon filin da suke da shi kyauta. A unguwanni da dama kuma babu wanda zai iya gaya maka nawa aka tara a wata, ko a wane asusu aka ajiye.

MANYAN AYYUKA DA ƘANANA

A 2018 aka aza harsashin cibiyoyin matasa da wasanni guda goma, ɗaya a kowace jiha ta wancan lokaci: Kaneshie da Koforidua da Ho da Axim da Dunkwa da Nyinahin da Dormaa da Yendi da Wa da Navrongo. An ce kowace za ta ƙunshi filin ƙwallo da hanyar tsere mai layi takwas da filayen ƙwallon kwando da na raga da ɗakin kwamfuta, kuma an yi alkawarin gamawa cikin watanni. Sai a ƙarshen 2023 aka buɗe ta Koforidua, kuma har gwamnatin da ta fara aikin ta sauka a farkon 2025 da yawansu ba a kammala ba. Ciyawa ta rufe wasu, iska ta yaye rufin wasu. Abin takaicin shi ne a wasu garuruwan an rufe filin da jama'a ke amfani da shi ne don a yi sabon, sai aka wayi gari babu tsoho babu sabo.

A gefe guda, don karɓar baƙuncin wasannin Afirka karo na 13 da aka yi a Ankara a watan Maris na 2024, an kashe dala miliyan 195 a kan gine-gine: miliyan 145 a cibiyar Borteyman, miliyan 34 a filin Jami'ar Gana da ke Legon, miliyan 16 a masaukin 'yan wasa. Bari mu yi lissafin aji. Ƙasar na da majalisun gundumomi da birane 261. In aka raba wannan kuɗi a tsakaninsu, kowace za ta tashi da kusan dala dubu 750. Ba ina cewa bai kamata ƙasa ta mallaki wurin ninƙaya da zauren wasanni na zamani ba, don muna bukatarsu. Ina so ne mai karatu ya ga girman abin da ake iya samowa cikin gaggawa in baƙi za su zo, ya gwada da abin da ake cewa babu in ana maganar burushin share filin unguwa.

Wasannin kansu sun bar mana darasi. Fiye da rabin lambobin da Gana ta samu daga kokawar hannu suka fito, wasan da teburi ɗaya ya ishe shi. Sannan a ƙwallon mata, Mukarama Abdulai 'yar Tamale, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Yurugwai a 2018, ita ta ci ƙwallon da ta ba Gana zinare a kan Nijeriya. To, a filayen robar zangunanmu, awa nawa aka ware wa 'yan mata a mako? Kusan duk abin da aka gina na ƙwallon ƙafar maza ne. Ƙwallon raga da na kwando da na hannu da tebur-tenis ba su cin fili, ba su cin kuɗi sosai, amma ba kasafai ake tuna su ba.

Rashin kula ma bai bar manyan filaye ba. Na Essipong da ke Sekondi, wanda aka gina tare da na Tamale don kofin Afirka na 2008, ya yi shekaru yana lalacewa. A watan Satumba na 2024, bayan Angola ta ci mu ɗaya da nema a Kumasi, hukumar ƙwallon Afirka ta janye amincewarta da filin Baba Yara saboda lalacewar ciyawarsa. In filin da duniya ke kallo a talabijin ya kai ga haka, me ake tsammani ga na Madina?

FILIN MAKARANTA

A matsayina na malami, a nan na fi jin ciwo. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa darasin motsa jiki darasi ne kamar lissafi, yana da lokacinsa a jadawali. Amma wurin da mafi yawan yara za su fara gudu da tsalle, wato filin makarantar firamare da ƙaramar sakandare, shi ne aka fi mantawa da shi. Na koyar a makarantar da a cikin 'yan shekaru kwantenoni suka ci kusurwa ɗaya ta filinta, masu wankin mota suka ci ɗaya, direbobi suka mai da tsakiyar hanyar yanke. Da shugaban makarantar ya kai ƙara aka ce ya kawo takardar fili, sai aka tarar babu ita, domin dattawan da suka ba da filin da baki suka bayar, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tallafin da gwamnati ke bai wa makarantu bisa yawan ɗalibai, wanda aka fara a duk ƙasa a 2005, an tsara shi ne ya maye gurbin kuɗaɗen da iyaye ke biya, har da na wasanni da al'adu. Kowane shugaban makaranta ya san yadda yake makara da yadda alli da rajista da gyaran benci ke cinye shi kafin a zo kan ƙwallo. Makarantun kuɗi da suka cika zangunanmu kuwa, da yawa a cikin gidan haya suke, ko wurin yin layin safe ba su da shi. Kuɗin filin roba ɗaya zai iya baje filayen makarantu da dama, a zagaye su, a kafa raga, a dasa itatuwan inuwa. Sai dai irin wannan aiki ba ya kyau a hoton kamfen.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga abubuwan da nake ganin sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa da na iyaye za su iya tsayawa a kansu ba tare da jiran kowa ba.

Da farko a nemi takarda. Duk filin makaranta ko na unguwa da ya rage, a auna shi, a yi masa rajista a hukumar filaye da sunan makarantar ko majalisar gunduma, a sa shi cikin taswirar tsara gari a matsayin wurin wasa. Fili in ya tafi ba ya dawowa, roba kuwa ko yaushe ana iya sayenta.

Na biyu, kada a karɓi makullin sabon fili sai da yarjejeniya a rubuce: wa ya mallake shi, wa zai gyara, kashi nawa na kuɗin haya za a riƙa ajiyewa a banki don sauya darduma. Kwamitin kula ya ƙunshi malamin makaranta da mai horar da kolts da mace aƙalla ɗaya, kada ya zama na 'yan jam'iyyar da ke kan mulki, don mun ga yadda makulli ke sauya hannu duk lokacin da gwamnati ta sauya. A riƙa liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar filin kowane wata.

Na uku, a rubuta sa'o'in kyauta a allo: safiya ga makarantun unguwa, bayan la'asar ga kolts, da ranaku sanannu ga 'yan mata. Masu biya su ɗauki dare da ƙarshen mako. Biki da jana'iza a nema musu wani wuri.

Na huɗu, mu yi amfani da dokar 'yancin samun bayani ta 2019, doka mai lamba 989. Kowane ɗan ƙasa na da ikon rubuta wa majalisar gundumarsa ya tambayi nawa aka ba da kwangilar fili, wane kamfani ya yi, shekara nawa ya lamunce aikin. Ɗan majalisar unguwa kuma, wanda muka zaɓa da hannunmu, a tambaye shi ko akwai layin gyaran filin wasa a kasafin bana, in babu ya faɗi dalili.

Ma'aikatar wasanni da shaƙatawa, wadda Kofi Adams ya karɓa a 2025, ta gaji filayen roba masu tsufa da cibiyoyin da ba a gama ba. Shawarata gare ta ita ce ta ƙirga abin da ke ƙasa, ta gama na hannu, ta ware kuɗin gyara na dindindin kafin ta aza sabon harsashi. Mu kuma iyaye da malamai, kuɗin nan harajinmu ne, filin kuma na 'ya'yanmu ne. Ranar da aka kira taron unguwa kan filin wasa, kada mu bar wa samari su kaɗai. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.